Kaurin wayar kuran: wace ta dace da wane aiki

A Nijar kuran na shiga gidaje da volt 220, kuma ana auna kaurin waya da mm². A ƙa'ida, wayar jan ƙarfe mai 1,5 ta fitilu ce, dijonktar ɗinta kada ya wuce ampar 16. Mai 2,5 ta priz ce, da ampar 20. Babban murhun kuran kuwa sai mai 6, da ampar 32.

In aka ɗora wa siririyar waya kaya masu jan wuta, zafi take yi har robarta ta narke cikin bango, gobara ta tashi. Mafi muni, wasu kan sa babban dijonktar don ya daina yankewa, alhali wayar yake karewa. In ɗakin na nesa da kontar, a ƙara kauri.