Gawo da Mai Zane: Yadda Aka Ɗauki Siffar Karkarar Tasawa da Mayahi

Duk wanda ya bi hanyar Tasawa zuwa Mayahi sau biyu, sau ɗaya cikin marka, sau ɗaya cikin bazara, ya san ƙasa biyu ya gani. A watan Agusta hatsi ya rufe tudu da kwari, ba a hango rumbunan ƙauye sai an zo bakinsu. A watan Afrilu kuwa rairayi ne fari fat har iyakar gani. To, wace daga cikin biyun nan aka zana, aka ajiye wa ƴan baya?

A watan Janairu na shekara ta 1851, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, ya biyo ayarin gishirin Abzinawa, ya ratsa Damargu, ya sauka Tasawa. Abokin tafiyarsa Overweg ya nufi Gobir da Maraɗi, shi kuma ya bi ta Gazawa da Katsina, ya shiga Kano a farkon Fabrairu. Tasawa ta burge shi ƙwarai, domin ita ce babbar alkarya ta farko da ya gani bayan hamada. Barth yakan yi zane a hanya, amma hotuna masu launi da suka fito cikin littafinsa mai juzu'i 5, a 1857 da 1858, wani mai zane ne na birnin Munich, Johann Martin Bernatz, ya gyara su. Bernatz ya taɓa zuwa Habasha, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ke nan launin da Turai ta fara sanin ƙasarmu da shi, a Munich aka dama shi. Ban da haka, cikin dari Barth ya zo, hatsi na rumbu, gonaki sai kututturen kara da hazo. Ba laifinsa ba ne, ayari ba ya tafiya da damina.

Waɗanda suka zo da damina ba zane ya kawo su ba. A Yuli na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta iso yankin tana ƙone garuruwa, kuma a wajen Maijirgi sojojinsu suka kashe su. Abin da mulkin mallaka ya zana daga baya taswira ce, irin ta tawagar Tilho da ta shata iyaka da Nijeriya daga 1906. Taswira kuwa ba ta san damina ba, ba ta san rani ba. Ko hotunan jirgin sama na shekarun 1950 da na 1975, galibi da rani ake ɗaukarsu, lokacin da babu hadari.

A nan ne gawo ya shigo cikin labarin. Itacen nan ya saɓa wa ƴan uwansa: da saukar ruwa yake zubar da ganye, ya tsaya tsirara a tsakiyar gona, inuwarsa ba ta danne hatsi, ganyen da ya zuba ya zama taki. In kaka ta wuce sai ya yi tsanwa shar, ƴaƴansa su riƙe bisashe cikin bazara. Shi ya sa ake ba da labarin cewa sarakunan Damagaram sun sa hukunci mai tsanani kan mai sare shi. Shi ya sa kuma hoton rani, duk da kasawarsa, ya zama shaida: a kan farin rairayi kowane gawo ɗigo ne baƙi da ake iya ƙirgawa.

Hotunan 1975 sun nuna gonaki kusan babu itace. Noman gyaɗa ya faɗaɗa sassabe, dokar daji ta mai da itace dukiyar gwamnati, har manomi ya gwammace ya tuge tsiro tun yana ƙarami da ya bar abin da zai jawo masa tara. Farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa. A 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta kira babban taro a Maraɗi kan gurgusowar hamada. A daidai wannan lokaci wani ɗan ƙasar Ostareliya mai aiki a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturen da ke cikin gonaki ba su mutu ba, toho suke yi kowace shekara ana sare shi. Manoma suka kama barin reshe biyu ko uku, suna yi musu aski, abin da aka sani da sassabin zamani. Ƙauyen Ɗan Saga na wajen Agye ya yi suna a kansa. Da masu bincike suka gwada tsofaffin hotuna da na tauraron ɗan Adam a shekarun 2000, sai suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Sai dai hoton sama ba ya nuna jan ƙasar huɗa bayan ruwan farko, ko ruwan ɗorawar zangarniya cikin agazari, ko matan Gulbin Kaba suna ɗauke da dammunan kaba a ƙarƙashin goriba. Wannan aikin hannu ne, kuma a ganina makarantunmu da ƙungiyoyin al'adu sun yi sakaci da shi. Gona ɗaya, a zana ta da damina, da kaka, da dari, da bazara, a rubuta sunan gari da shekara: takarda huɗu ne da fensirin launi.

Na gwada haka da ɗalibaina. Da na ce su zana gona cikin damina, mafi yawansu suka zana itace mai dunƙulallen kai, kore, irin na littattafan karatun Faransanci. Wata yarinya daga wani ƙauyen Mayahi ta zana hatsi ya kai ƙirji, da itace mai rassa tsirara a tsakiya. Ƴan birni suka yi dariya, wai ta zana busasshen icce. Ta ce gawon gonar kakanta ne, kuma da kaka za ta sa masa ganye.