Nawa Kake Samu? Tarihin Tambayar Da Ba Mu Son Ji



Kana iya tambayar Bahaushe garinsu da sana'arsa, har ma da jam'iyyar da ya zaɓa, ya amsa maka yana dariya. Amma ranar da ka ce masa, "Alhaji, nawa kake samu a wata?" to ka ɓata zaman. Zai gyara hula ya ce "Alhamdulillahi," ko ya ce "ana dai rufin asiri," su kuma na gefe su dube ka kamar ka yi ashar. A majalisarmu nan Maisandari muna iya kwashe awa guda muna lissafin dukiyar Ɗangote, amma ban taɓa jin wani ya faɗi cinikin da ya yi a ranar ba. Wasu sukan ce tsoron kambun baka ne da hassada. Akwai wannan, amma ni a ganina shirun nan yana da tarihi, kuma ya kamata mu san shi kafin mu yanke hukuncin abin da za mu riƙe da wanda za mu gyara.

A shekarar 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa, Turawa kuma suka kafa barikinsu kusa da ƙauyen Maiduguri. Fatakenmu sun daɗe suna shigowa ƙasar Barno da goro da rinannun tufafin Kano, su koma da kanwa da fata da dabbobi, don haka ba a jima ba aka samu Hausari da Zango a sabon garin. Da jirgin ƙasa ya iso a 1964 sai zuwan ya ƙaru. Da yawanmu da ke Maisandari a yau, iyayenmu ko kakanninmu a can cikin gari suka fara sauka.

To mai karatu ya tuna cewa baƙon farke ba shi da gona ba shi da dangi a garin da ya sauka, dukiyarsa duka tana cikin mangala ko a ɗaure a ƙugunsa. Mutum ɗaya ne yake sanin abin da ya zo da shi, wato fatomansa, mai masaukin da zai ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa idan an ci bashi. Har yau idan ka je Kasuwar Shanu za ka ga dillali ya ja mai saye gefe suna raɗa, mai shanu kuma ba ya cewa kuɗin sun yi kaɗan, sai dai ya ce "albarka." Wani Bature mai suna Abner Cohen da ya yi nazarin Hausawan Sabo ta Ibadan, a littafinsa na 1969, ya nuna yadda ake cinikin shanu na maƙudan kuɗi bisa bashi da amana, mai gida yana tsakiya. A irin wannan kasuwanci sunan mutum shi ne jarinsa. Idan aka ji ka karye ba mai ba ka kaya, idan kuma aka ji ka tara, to ka gayyato masu ido. Don haka baki ya koyi yin shiru ta kowane ɓangare.

Sai kuma hukuma. Barno ta ɗanɗani tatsar Rabe daga 1893 har zuwa kashe shi a Kusuri a 1900, daga nan Turawa suka zo da nasu tsarin na haraji da jangali. Akan yanka wa gari ko unguwa kuɗi dunƙule ne, sai Lawan da Bulama su raba wa jama'a gwargwadon ƙarfin da suke ganin kowa yana da shi. Wato sabuwar riga ko sabon keke na iya ƙara maka haraji baɗi. Makiyayi kuwa idan lokacin ƙirga ya zo sai ya kora wasu shanun daji. Wannan abu ya yi wa talaka ciwo har ta kai soke haraji da jangali na cikin ayyukan farko da Abubakar Rimi ya yi a Kano, da Balarabe Musa a Kaduna, bayan hawansu mulki a 1979. Mutanen da suka yi shekara saba'in duk wanda ya tambaye su abin da suka mallaka karɓa zai yi, ba za su daina ɗari-ɗari a dare ɗaya ba.

Ko manyan attajirai haka suka taso. Ana ruwaito cewa da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, Alhassan Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma ashirin. Kafin ranar kowa ya san mai kuɗi ne, amma sai dai ƙiyasi. A al'adarmu arziki a aikace ake ganinsa: yawan masu cin tuwo a ƙofar gida, kujerun Makka, masallacin da aka gina. Haka mutanen Yerwa suka riƙa auna marigayi Alhaji Mai Deribe, wanda ya rasu a 2002, da gidansa da kyautarsa.

Aikin albashi ne ya fara fasa wannan rufi. Da kwamitin Udoji ya kawo ƙarin albashi a 1974, aka kuma tsara matakan aiki daga 01 zuwa 17, sai kuɗin ma'aikaci suka zama labarin rediyo. 'Yan kasuwa suka ji, farashi ya tashi, dangi a ƙauye ma suka ji. Tun daga nan muka samo dabarar zagaye: maimakon a ce nawa ne albashinka, sai a ce "kana mataki na nawa yanzu?" Haka aka sake yi da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 30,000 a 2019, da naira 70,000 a 2024. Mu da muke zaune nesa da gida mun fi kowa sanin nauyin wannan, domin duk wanda ya bar garinsu ana ɗauka ya samu, kuma adadin da ka faɗa da safe kafin dare an gama raba shi a zuci.

Shekarun tashin hankali da suka biyo bayan Yulin 2009 sun ƙara ɗaure bakin kowa. A watan Mayun 2013 aka sace dattijo Shettima Ali Monguno bayan sallar Juma'a a Mafoni, sai bayan 'yan kwanaki aka sako shi. Idan haka ta samu mutum irinsa, ina ga mai shago? A lokacin masu hali da yawa sun ajiye motocinsu sun koma hawa keke Napep, kuma ba wanda ya ga laifinsu.

Duk wannan ya nuna cewa iyayenmu da suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, sun san abin da suke gudu. Damuwata ita ce shirun da aka koya don ɗan doka da ɓarawo ya biyo mu har cikin ɗaki. Na zauna a rabon gado fiye da ɗaya a unguwar nan, na ga matar da ta yi shekara talatin da mijinta ba ta san bankin da yake ajiya ba. Na ga marayu suna kallo masu bin bashi suna ta zuwa, waɗanda ake bi kuwa ba su leƙo ba, domin babu rubutu babu shaida. A da fatoma ko babban yaron gida yana riƙe da lissafin a ka. Yau kuɗin suna cikin waya, lambar sirrin kuma ta tafi kabari da mai ita.

Gobarar Kasuwar Litinin ta ranar 26 ga Fabrairun 2023 da ambaliyar madatsar Alau ta ranar 10 ga Satumban 2024 sun sake nuna mana wannan rauni. Na san 'yan kasuwar da aka ce su faɗi asararsu suka kasa, domin ba su taɓa rubuta jarinsu ba, ga kayan mutane da suka karɓa bashi, ga adashi a hannunsu, duka a ka.

Abin lura shi ne addininmu bai hana ƙirga ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Zakka ba ta fita sai mutum ya zauna ya san ko ya kai nisabi, sannan ya cire ɗaya cikin arba'in. Gado ma ba ya rabuwa sai an san abin da aka bari da abin da ake bin mamaci. Abin da aka hana mu shi ne alfahari da gori.

Saboda haka shawarata ga kaina da ku 'yan uwa, a majalisa mu ci gaba da cewa Alhamdulillahi, wanda ya tambaya ma ya yi haƙuri da wannan amsar. Amma kowa ya sayi littafi guda ya rubuta abin da yake da shi, da wanda yake bi, da wanda ake binsa, da inda takardun fili suke. Ya ajiye kwafi a wani wuri da ba shago ba, ya sanar da mutum biyu da ya amince da su, kuma uwargida ta kasance cikinsu. A duk shekara lokacin fitar da zakka sai a sabunta shi.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da Barno lafiya. Amin.