Daga Larabanga Zuwa Nima: Wa Ke Cin Arzikin Gandun Dajin Mole?

Gandun dajin Mole shi ne mafi girma a ƙasar Ghana. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500, yana cikin ƙasar Gwanja, a yankin Savannah da aka ƙirƙiro a 2019 mai hedikwata a Damongo. Akwai giwaye a cikinsa da ɓauna da gwanki da gadu da birai iri-iri, kuma baƙi daga Turai da Amurka suna zuwa musamman don a nan mutum zai iya takawa da ƙafa, tare da mai gadi, ya tsaya kusa da garken giwa. Tsakaninsa da unguwannin Nima da Maamobi na birnin Accra akwai tafiyar fiye da kilomita 600, don haka da wuya a ji an ambaci wuraren biyu a magana ɗaya. A ganina ya kamata a ambace su tare. Tarihin da ya mayar da yammacin Gwanja wurin da aka fi ƙirga namun daji a kan mutane shi ne tarihin da ya cika zangunan kudu da 'yan Arewacin Ghana masu neman abin yi. Duk wanda ya tsaya a ƙofar gandun yana lissafin kuɗin shiga da yawan ma'aikata, rabin lissafin kawai ya yi, domin sauran rabin yana can inda mutanen yankin da kayan dajinsu suke ƙarewa.

Abu na farko da za a kawar shi ne zaton cewa ƙasar nan tun asali kufai ce. Bahaushe ya san Gwanja tun ƙarnoni da dama, a matsayin ƙarshen hanyar fataucin goro. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato ƙarƙashin madugu, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da jemammun fatu, a yi watanni a hanya kafin a sauka a Salaga, inda goron kurmin Asante yake jira. Masarautar Gwanja, wadda ake danganta kafuwarta da Ndewura Jakpa, ta tsayu ne a kan wannan zirga-zirga. Daboya tana da gishirinta da masaƙanta, Bole da Buipe suna kan hanyoyin da suka haɗa kurmi da ƙasashen Mande. Larabanga, garin da ke bakin ƙofar gandun a yau, garin malamai ne na Kamara, kuma masallacinsa na ƙasa, wanda labarin gargajiya ke cewa an gina shi a 1421, yana cikin tsofaffin masallatan Afirka ta Yamma. Ba a gina masallaci irin wannan a inda babu jama'a, babu kasuwa, babu matafiya. Ƙauyukan da ke kewaye suna noman doya da dawa, suna farauta, suna cire zuma, mata suna tsintar kaɗanya da ɗorawa, kuma duk wannan yana da masu saye.

Abin da ya rushe wannan tsari ya faru cikin shekaru ƙasa da talatin. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Asante a kan Salaga ya karye, hanyar goro ta fara kaucewa zuwa Kintampo, daga baya kuma ta koma teku, ana loda goro a jirgin ruwa zuwa Legas. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, fatake da malamai suka watsu. Daga cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya ƙarasa rayuwarsa a Kete Krachi ya rasu a 1934. A daidai wannan zamani rundunar Zabarmawa ƙarƙashin Babatu da ta Samori suka yi ta kai hare-hare a arewa maso yamma, suna kame mutane, garuruwa suna tashi. Inda mutane suka ragu daji ya rufe, inda daji ya rufe ƙudan tsando ya yawaita, ya kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu. Ƙarancin jama'ar da Turawa suka tarar a yammacin Gwanja sabon rauni ne, amma suka ɗauke shi a matsayin halin ƙasar tun fil azal. A ɗaya ɓangaren kuma, kuɗi da sana'a da suka bar Salaga sun gangara kudu. A Accra, Malam Idrisu Naino ya riga ya kafa zango a rabi na biyu na ƙarni na 19, ɗansa Malam Baƙo ya buɗe Sabon Zango wajen 1910, sannan a farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya sami fili daga wani gidan mutanen Osu, wurin da ya zama Nima.

Mulkin mallaka bai yi ƙoƙarin warkar da raunin ba, ya mayar da shi tsari. Da aka sa Arewa ƙarƙashin Ingila a farkon ƙarni na 20, aikin da aka ba ta shi ne samar da 'yan ƙodago: masu haƙar zinariya a Tarkwa da Obuasi, masu aikin gonakin koko, sojoji da 'yan sanda da masu gadi. An yi ta maganar kai layin dogo Arewa tun zamanin Gwamna Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927, amma jirgi bai wuce Kumasi ba. Makarantu ma an taƙaita su. Babban yunƙurin da aka yi na kawo aiki yankin shi ne kamfanin raya Gwanja da aka kafa a Damongo wajen 1950, don noman gyaɗa da hatsi da injuna tare da kawo manoma daga ƙasar Frafra mai cunkoso, kuma bai yi tsawon rai ba. Dajin Mole kansa, tun shekarun 1930 an keɓe wani sashe nasa ne don a karkashe namun dajin, da nufin hana ƙudan tsando abinci. Da wannan dabara ta gaza sai aka juya ta: a 1958 aka ayyana wurin a matsayin mafakar namun daji, a 1971 aka faɗaɗa shi aka ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa. A tsakanin nan aka tashi ƙauyukan da ke ciki aka fitar da mutanensu bayan iyaka. An bi tsarin da Amurka ta fara da Yellowstone a 1872, wanda yarjejeniyar Landan ta 1933 ta shimfiɗa wa ƙasashen Afirka da ke ƙarƙashin mallaka, wato daji mai kyau shi ne wanda babu mutum a cikinsa. Ko a lokacin kashe dabbobin ko a lokacin kare su, mazauna wurin ba su ne masu yanke shawara ba.

To me gandun ya mayar musu? Ya kawo aiki, babu shakka: masu gadin daji da ke ƙarƙashin sashen kula da namun daji na hukumar gandun daji ta ƙasa, masu rakiyar baƙi, direbobi, masu dafa abinci da shara a masaukin gwamnati da ke kan tudu, sannan masaukin Zaina na 'yan kasuwa da aka buɗe a 2015. Amma a dubi irin aikin. Albashin gwamnati yana bukatar takardar makaranta, a yankin da aka daɗe ana hana shi makaranta, kuma ma'aikacin hukuma ana iya turo shi daga ko'ina a ƙasar. Kuɗin da baƙo ke kashewa, mafi yawansa yakan tafi ga jirgi da kamfanin yawon buɗe ido da motar haya tun kafin ya iso Damongo. Hanyar Fufulso zuwa Sawla, wadda ita ce ke kai mutum gandun, sai a 2015 aka gama shimfiɗa mata kwalta da kuɗin Bankin Raya Afirka, shekaru 44 bayan ayyana gandun. A gefe guda kuma ƙauyuka kusan 33 ne ke zagaye da iyakar, kuma abin da suka rasa sana'a ce ta kowane gida. Mafarauci ya zama ɓarawon nama a idon doka. Matar da ke tsintar kaɗanya ta zama mai ƙetare iyaka. Manomin da giwa ta tattake masa rogo a dare ɗaya ba kasafai yake ganin diyya ba. Aikin da aka kawo na mutane ƙalilan ne, galibi maza masu ilimin boko, wanda aka ɗauke kuwa na maza da mata da tsofaffi ne baki ɗaya. Wannan bambanci shi ne zuciyar al'amarin, kuma ba ya fitowa a rahoton yawan baƙi.

Mai musu zai ce Nima ta girmi gandun, kuma gaskiya ne. Unguwar ta bunƙasa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu saboda aikin da sansanin sojan Amurka da ke kusa ya samar, da kuma tsofaffin sojojin da suka dawo, kuma mutanenta sun fito daga ko'ina: Hausawa, Zabarmawa, Fulani, Mosi, Kotokoli, Dagomba, Wangarawa. Ba zan ce waɗanda aka tasa daga cikin Mole su ne suka cika Maamobi ba, kuma 'yan matan da ke dakon kaya a kasuwannin Makola da Agbogbloshie daga sassa da yawa na Arewa suke zuwa. Hujjata ita ce gandun da zangon 'ya'yan manufa ɗaya ne, wadda ta ɗauki Arewa a matsayin wurin ɗebo hannuwa da ajiye ƙasa, ba wurin zuba jari ba. Gandun bai fara ƙaurar ba, amma ya zo a lokacin da Ghana mai 'yanci take da damar juya akalar, sai ya ƙara rufe ƙofar sana'ar gida a wuri mai faɗi haka ba tare da ya buɗe wata daidai da ita ba. Saurayin Larabanga ko ƙauyen Murugu da ya ga gona ba ta isa, daji kuma haramun ne, hanyar da kakanninsa suka bi ita ce a gabansa, ya hau mota zuwa Kumasi ko Accra, ya sauka wurin ɗan'uwa a zango.

Musu na biyu ya fi ƙarfi, kuma ina girmama shi. Da ba a kafa gandun ba, da wuya a ce akwai sauran giwa a Gwanja yau. Duk wanda ya san abin da ya sami dazuzzukan da ke wajen iyakar zai yarda: an sare madobiya ana fitar da ita zuwa Sin har gwamnati ta yi ta sanya takunkumi tana ɗagewa tana sake sanyawa, kuma manyan motoci suna barin yankin Savannah maƙare da buhunan gawayi. Ba na kiran a rushe gandun, asara ce da ba za a iya mayarwa ba. Sai dai a tambayi ina gawayin yake zuwa. Yana zuwa murhun mai shinkafa da wake (waakye) da mai tuwon zafi da mai tsire a Nima da sauran unguwannin birni, kamar yadda man kaɗe da daddawa da doya da shanu suke zuwa. Wato kasuwar da ke cin dajin Arewa tana kudu, kuma zango yana tsakiyarta, mai saye ne kuma dillali, yadda yake tun zamanin goro. Wanda ya sare bishiyar kaɗanya ya ƙona gawayi ba jahili ba ne. Ya ga cewa bishiyar tana biyansa yau idan ta mutu, kuma babu wanda ya tabbatar masa za ta biya shi da kyau idan tana raye. Bindigar mai gadi tana iya tsare iyaka, amma ba ta iya canza wannan lissafi, shi ya sa rikici tsakanin masu gadi da mafarauta bai taɓa ƙarewa ba a Mole, kamar yadda bai ƙare ba a Yankari ta Bauchi, wadda aka keɓe a 1956, ta zama gandun ƙasa a 1991, aka mayar wa jihar a 2006, kuma ƙauyukan da ke kewaye da ita suna da irin wannan kuka.

Hukumomin Ghana sun fahimci haka, ko da yake a makare. Tun wajen shekarar 2000 aka ɓullo da tsarin da ake kira CREMA, inda ake miƙa wa al'umma ikon kula da namun daji da itatuwan da ke ƙasarsu a wajen gandun, su kafa dokokinsu, su ci ribar abin da suka kare. Ƙauyukan Murugu da Mognori suna cikin waɗanda suka shiga, kuma a Mognori mutanen gari ne ke ɗaukar baƙi a kwalekwale cikin kogin Mole, suna nuna musu yadda ake man kaɗe, kuɗin yana shiga hannunsu kai tsaye. A 2023 majalisar dokoki ta zartar da sabuwar dokar namun daji da ta ba wannan tsari gindin zama. Wannan ci gaba ne na gaske, amma yawon buɗe ido shi kaɗai ba zai ɗauki ƙauyuka talatin da wani abu ba, kuma annobar korona ta 2020 ta nuna yadda baƙi ke iya ɗaukewa cikin mako guda. Abin da zai ɗauke su shi ne kayan da daji mai rai ke bayarwa kowace shekara, kaɗanya da zuma da ɗorawa, idan aka saye su da daraja kuma aka sarrafa su a can. Masu jari da sanin hanyar wannan ciniki suna nan a Nima da Maamobi da Sabon Zango, suna jin harsunan Arewa, suna da 'yan'uwa a garuruwan da kayan ke fitowa, kuma amanar da ke tsakanin mai gida da baƙonsa, wadda ta riƙe fataucin goro shekaru aru-aru ba tare da banki ba, ba ta mutu ba. Asusun raya zanguna da aka kafa da doka a 2017 ya fi karkata ga magudanan ruwa da fitilun titi da filayen ƙwallo, waɗanda ake bukata ƙwarai, amma ya dace a ware wani kaso nasa ga 'yan kasuwar zango da za su ƙulla yarjejeniyar saye kai tsaye da ƙungiyoyin matan Murugu da Mognori da Larabanga, a farashin da aka amince da shi tun kafin kaɗanya ta fara zuba.