Ma'aunin Farashi da Bunƙasar Riba a Kasuwar Hannun Jari ta Duwala

Ma'aunin PEG hanya ce ta gane ko hannun jarin kamfani ya yi tsada ko araha. Ana raba farashin hannun jari ɗaya da ribar da ya kawo a shekara, sannan a raba abin da ya fito da yawan ƙaruwar ribar cikin ɗari. Hannun jarin sefa 20,000 mai ribar sefa 1,000 yana ba da 20. In ribar na ƙaruwa da kashi 10 cikin ɗari, ma'aunin ya zama 2, wato da tsada. Ɗaya ake ɗauka daidai, ƙasa da haka araha.

A Amurka aka ƙirƙiro shi. Mario Farina ya kawo shi cikin littafinsa a 1969, amma Peter Lynch, wanda ya riƙe asusun zuba jari na Magellan daga 1977 zuwa 1990, shi ya yayata shi a 1989. Tushen lissafin ba baƙo ba ne ga Hausawan unguwar New Bell ta Duwala masu harkar shanu: ɗan maraƙi mai tasowa kan ci kuɗin da ya fi namansa na yau, don girman da ake hange a jikinsa.

Ita kasuwar hannun jari ta Duwala an kafa ta a 2001, sai dai ta yi shekaru ba ciniki. Kamfanin SEMC, mai ruwan gora na Tangui, ya shiga a 2006, SAFACAM mai manja da roba a 2008, SOCAPALM a 2009. A 2019 aka haɗe ta da kasuwar BVMAC ta Libreville, aka mai da hedkwatarta Duwala, don ƙasashe shida na ƙungiyar CEMAC.

A wannan kasuwa ma'aunin ba ya da ƙarfin da yake da shi a New York. Kamfanonin kaɗan ne, ciniki kuma jefi-jefi, don haka farashi kan daɗe bai motsa ba, ko da ribar ta canza. Ga shi kuma ribar kamfanonin manja tana bin damina da farashin manja, bana ta hau, baɗi ta sauko. Ƙaruwar shekara guda tana iya nuna araha inda babu ita, kuma in riba ta ragu lissafin ba ya aiki sam. Shi ya sa mai saye a Duwala ya fi dogara da rabon ribar da ake biya duk shekara.