Wasiƙun jabu da suka zama doka a Cocin Roma

A tsakiyar ƙarni na 9 wani kundi ya ɓullo a ƙasar Faransa da sunan Isidorus Mercator, mutumin da ko haihuwarsa ba a yi ba. A ciki akwai wasiƙu kusan 100 da aka jingina wa fafaromomin farko, alhali ba su san da su ba. Maƙirƙiran ƙwararru ne. Sun tsinto jimla daga Baibul, wata daga dokokin Rumawa, wata daga wasiƙun gaske, suka haɗa har ba a ganin bakin ɗinki. A zamaninmu masani Klaus Zechiel-Eckes ya gano 'yan alamomin da suka yi a gefen shafukan littattafan gidan 'yan zuhudu na Corbie, daidai kan layukan da suka kwafa.

Ba don Fafaroma aka yi wannan wahala ba. A 835 an tuɓe bishop-bishop da suka goyi bayan tawaye ga Sarki Louis, sauran kuma suka tsorata. Sai wasiƙun suka gindaya sharaɗin shaidu 72 kafin a kama bishop da laifi, kuma yana da damar kai ƙara Roma. A ganin maƙirƙiran Roma na da nisa, alƙalin nesa kuwa ba ya takura kowa. Babban Bishop Hincmar na Reims ya ji ƙanshin ƙarya, balle da ɗan 'yar'uwarsa, Hincmar na Laon, ya riƙa kafa masa hujja da su, amma bai iya tabbatarwa ba.

Reshe ya juye da mujiya wajen 1140, lokacin da Gratian na Bologna ya zuba ɗaruruwan sassan kundin cikin littafinsa na shari'ar coci. Daga nan ɗalibai suka haddace su, alƙalai suka yi hukunci da su, ribar kuma ta tafi fadar Fafaroma.

Kundin na Isidorus ya ɗauko har da wata tsohuwar takardar jabu mai cewa Sarki Kwanstantin ya warke daga kuturta, ya ba Fafaroma Silbesta Roma da yammacin daula. Lorenzo Valla ya tona ta a 1440, ta hanyar nuna kalmomin da Latin ɗin zamanin Kwanstantin bai sani ba (ubangidansa, Sarki Alfonso, na rigima da Fafaroma a lokacin). Wasiƙun kuwa sai 1628 David Blondel ya warware ɗinkinsu jimla-jimla. Duk da haka littafin Gratian ya ci gaba da aiki har aka kafa sabon kundin dokokin coci na 1917.