Golgo 13

Golgo 13 jerin labaran zane ne na ƙasar Japan, irin waɗanda ake kira manga, wanda Takao Saito ya ƙirƙira. Labarin ya ta'allaƙa ne kan Duke Togo, wani gwanin harbi da ake biya ya yi kisa. Yana cikin manga mafi daɗewa da har yanzu ake bugawa.

Tarihin wallafa

An fara buga Golgo 13 a mujallar Big Comic ta kamfanin Shogakukan. Wasu majiyoyi na cewa a 1968 ya fara fitowa, wasu kuma 1969. Dalilin saɓanin shi ne, mujallun Japan kan shiga kasuwa kafin watan da aka rubuta a bangonsu. Fitowar da ta ɗauki babin farko tana ɗauke da kwanan watan Janairun 1969, amma tun a Nuwamban 1968 aka fara sayar da ita. Kamfanin Leed ne ke tattara babukan yana buga su a matsayin littattafai.

A 2020 an dakatar da jerin na ɗan lokaci saboda annobar korona. A Yulin 2021 littafi na 201 ya fito, abin da ya sa ya shiga Kundin Bajinta na Guinness, bayan ya zarce Kochikame na Osamu Akimoto, mai littattafai 200 a lokacin.

Saito ya rasu ranar 24 ga Satumba, 2021, yana da shekara 84. Bisa burinsa, ma'aikatan kamfaninsa, Saito Production, suka ci gaba da aikin.