Sarkin Katsina Muhammadu Dikko (1906–1944)

Marigayi Alhaji Muhammadu Dikko yana riƙe da sarautar Durɓin Katsina lokacin da Turawan Ingila suka tuɓe Sarki Yero a 1906, suka ɗora shi bisa gadon sarauta. Da wannan naɗi mulki ya bar gidan Dallazawa ya koma hannun Sulluɓawa. Aiki ne mai nauyi, domin ga masu ganin ba gadonsa ba ne, ga kuma Bature a kansa. A shekarun farko na mulkinsa aka ja iyakar da ta bar Maradi da Madarumfa a hannun Faransa, aka daina hare-haren da suka daɗe tsakanin Katsina da Maradi.

Dikko ya kafa Baitulmali, haraji ya shiga littafi, hakimai da alƙalai suka fara karɓar albashi. Ya rungumi ilmin boko a lokacin da jama'a ke gudunsa. A 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. A 1921 ya sauke farali, ya kuma ziyarci Ingila inda ya gana da Sarki George na Biyar.

Ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi, sarauta kuma ta zauna a zuriyarsa. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.